Yadda Ake Lissafa Ƙarfin Jan Girabiti, Daga Buhun Shinkafa Har Zuwa Wata da Rana

Duk lokacin da WAEC ko NECO ta ƙarato sai yara su fara turo min tambaya kan wannan babin na girabiti, kuma kusan kullum kukan ɗaya ne, wai "Malam lambobin sun yi yawa, ziro har ashirin da wani abu, kaina juyawa yake". To ni dai a abin da na gani lissafin kansa bai wuce sau da rabawa ba, wanda ko ɗan firamare ya iya, inda ake faɗuwa wuri uku ne kacal: tulin ziro ɗin nan, da mantawa a mayar da kilomita zuwa mita, da kuma rashin sanin daga ina zuwa ina ake auna nisan. In ka riƙe waɗannan ukun, da alƙalami da bayan takarda za ka iya lissafa ƙarfin da duniya ke jan wata da shi, kuma hanyar da za ka bi ita ce dai wadda za ka bi wa buhun shinkafar da ke ɗakin ajiyar gidanku.

Kafin mu shiga bari in gyara wani abu. Mutanenmu da yawa suna cewa "maganaɗisun ƙasa" in suna nufin girabiti, kuma na fahimci dalili tunda duka biyun ja suke yi, amma ba abu ɗaya ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, kai ba ma kowane ƙarfe ba, kuma yana iya turewa in ka juya shi. Shi kuwa girabiti komai yake ja, itace da ruwa da mutum da iska, kuma bai taɓa turewa ba, ja ne kawai.

Abu na biyu shi ne kalmar nauyi. A kasuwa muna cewa buhun nan nauyinsa kilo 50, ba laifi, haka ake magana. Amma a fiziks wannan kilo 50 ɗin sunansa mas, wato yawan abin da ke cikin buhun, kuma ko ina ka kai shi kilo 50 ne ko a wata ne. Nauyi kuma shi ne ƙarfin da duniya ke jan buhun da shi zuwa ƙasa, ana auna shi da niyuton, ana rubuta N. In kana so ka ji yadda niyuton ɗaya yake a hannu, ɗauki abu mai kamar giram 100, misali albasa matsakaiciya, wannan ɗan danna tafin hannunka da take yi shi ne kusan 1 N.

Fomular da abin da kowane harafi yake nufi

F = G × m1 × m2 ÷ r²

Isaac Newton ɗan Ingila ne ya fitar da wannan doka a littafinsa Principia a 1687. F shi ne ƙarfin jan da muke nema, a niyuton. m1 da m2 mas ɗin abubuwan biyu ne a kilogiram, ba ruwanka da wanne ne na ɗaya wanne ne na biyu tunda sau za ka yi. r shi ne nisan da ke tsakaninsu a mita, kuma ɗan 2 ɗin da ke samansa yana nufin r sau r, ba r sau biyu ba, don Allah a kula da wannan. G kuma lamba ce da ba ta canzawa ko a ina:

G = 6.674 × 10^-11

Kar ka haɗa wannan babban G da ƙaramin g ɗin da ake cewa 9.8 ko 10 a jarrabawa, ƙaramin g na saman duniyarmu ne kawai, kuma nan gaba kaɗan za ka ga daga ina ya fito.

Game da wannan 10^ ɗin da ke tsorata mutane, gajeriyar hanya ce ta rubuta ziro. 10^6 shi ne 1 da ziro shida wato miliyan, wannan 6 ɗin da ke bayan alamar ^ shi ake cewa fawa. In fawar tana da alamar debewa to lambar ƙanƙanuwa ce, 10^-3 shi ne 0.001. Doka biyu kawai kake buƙata: in kana sau sai ka tara fawa, in kana rabawa sai ka debe. Shi ke nan. 10^24 sau 10^22 ya zama 10^46, 10^37 a raba da 10^17 ya zama 10^20.

Matakan

Na farko, rubuta abin da aka ba ka a jere, m1 kaza, m2 kaza, r kaza, kowanne da ma'auninsa a gefe. Yara suna raina wannan matakin amma nan ake ganin tarkon.

Na biyu, mayar da komai kilogiram da mita tun kafin ka taɓa kalkuleta. Giram a raba da 1000, tan a yi sau 1000, kilomita a yi sau 1000, santimita a raba da 100.

Na uku shi ne wanda zan fi daɗewa a kai. r ba daga fatar abu zuwa fatar ɗaya abun ba ne, daga tsakiya ne zuwa tsakiya. In kana tsaye a tsakar gida nisanka da duniya a wannan lissafin ba ziro ba ne duk da ƙafarka na kan ƙasa, nisanka shi ne daga kai har can cikin cibiyar duniya, kilomita 6,371. Newton da kansa ya tabbatar da cewa abu mai siffar ƙwallo yana jan abin da ke wajensa kamar a ce an dunƙule duk mas ɗinsa an ajiye a tsakiyarsa, shi ya sa muke da damar yin haka. Saboda haka in tambaya ta ce tauraron ɗan'adam yana kilomita 400 sama da ƙasa, r ɗinka ba 400 ba ne, 6,371 ne a tara da 400.

Na huɗu, raba aikin gida biyu, ƙananan lambobi a gefe guda, fawowin goma a ɗaya gefen, ka gama da kowanne daban sannan ka haɗa su. Na biyar, ka kalli amsar ka tambayi kanka ko hankali zai ɗauka.

Ga lambobin da za mu yi aiki da su, ka kwafe su a bayan littafinka:

Duniya: mas 5.97 × 10^24 kg, daga tsakiya zuwa fatarta kilomita 6,371
Wata: mas 7.35 × 10^22 kg, daga tsakiya zuwa fatarsa kilomita 1,737, matsakaicin nisansa da mu kilomita 384,400
Rana: mas 1.989 × 10^30 kg, matsakaicin nisanta da mu kilomita miliyan 149.6

Buhun shinkafa da duniya

m1 duniya ce, m2 buhu kilo 50, r kuma kilomita 6,371 wanda a mita ya zama 6,371,000 ko 6.371 × 10^6.

Saman fomula tukuna, wato G × m1 × m2. 6.674 sau 5.97 ya ba da 39.84. Fawa kuma -11 a tara da 24 ya ba da 13. Kenan 39.84 × 10^13, in ka matsar da ɗigo wuri ɗaya ya zama 3.984 × 10^14. Ka ajiye wannan lambar da kyau domin ita ce G sau mas ɗin duniya kuma za ta yi ta dawowa. Sau 50 ya ba da 1.992 × 10^16.

Ƙasan fomula kuma, wato r², 6.371 sau 6.371 ya ba da 40.59, fawa 6 da 6 ya zama 12, wato 4.059 × 10^13.

Yanzu rabawa, 1.992 a raba da 4.059 ya ba da 0.4908, fawa 16 a debe 13 saura 3, kenan 0.4908 × 1000, kusan 491 N.

To raba 491 ɗin nan da kilo 50 mu gani. 9.8 ne ya fito! Wannan shi ne ƙaramin g ɗin da ake sa mu haddacewa tun JSS ba tare da an gaya mana daga ina yake ba, ashe G sau mas ɗin duniya ne a raba da r², ba wani abu ba. Ni wannan wajen ne ya fara sa ni son babin, ranar da na ga 9.8 ta fito daga alƙalamina. Kuma ba daidai yake a ko'ina ba, mu da muke kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, wajen 9.78 muke samu, can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu kuma yana kaiwa 9.83, saboda duniya ta ɗan kumbura a tsakiya kuma tana juyawa.

Wani abu da yara ke musu da ni a kai: buhun ma yana jan duniya da wannan 491 N ɗin, daidai wa daida. Fomular ba ta san babba ba ta san ƙarami ba. Abin da ya sa buhun ne ke faɗowa ba duniya ce ke tasowa ba, 491 N a kan kilo 50 babban abu ne, amma a kan 5.97 × 10^24 kg motsin da zai jawo ba ya ma aunuwa. Kuma tunda ko wane mas ka saka in ka raba 9.8 ɗin ce za ta fito, abu mai nauyi da mara nauyi tare suke faɗowa in ba iska. A 1971 David Scott na Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, tare suka taɓa ƙasa, bidiyon yana nan a YouTube.

Kai da abokinka a benci

A ce kai kilo 70 ne shi kuma 60, tsakaninku mita ɗaya. 70 sau 60 ya ba da 4,200. Sau 6.674 × 10^-11 ya ba da 2.8 × 10^-7, r² kuma 1 ne don haka ba abin da ya canza. Amsa 0.00000028 N. Ƙwayar shinkafa guda ɗaya nauyinta ya ninka wannan kusan sau dubu, shi ya sa ba ka taɓa jin abokinka yana janka ba, alhali jan yana nan. A nan dai ƙiyasi muka yi tunda mutum ba ƙwallo ba ne, amma girman amsar haka yake.

Wannan ƙanƙantar ce ta sa aka shafe fiye da shekara ɗari bayan Newton kafin wani ya iya auna jan da ke tsakanin abubuwa biyu a cikin ɗaki. Henry Cavendish ne ya yi a 1798 da wata na'ura da John Michell ya ƙirƙira, sanda ce a rataye da siririyar waya, ƙananan ƙwallayen dalma biyu a bakunanta, sai a matso da manyan ƙwallayen dalma masu kilo 158 kowanne kusa da su, a kalli yadda wayar ke ɗan murɗewa. Abin ya yi laushin da har daga wajen ɗakin yake leƙe da madubin hangen nesa don kar motsin iska ko ɗumin jikinsa ya ɓata aikin. Shi abin da yake nema shi ne mas ɗin duniya idan aka kwatanta da na ruwa mai girmanta, ya samu kusan ninki 5.45, yau mun san 5.51 ne, daga sakamakonsa ne kuma daga baya aka ciro G. Ka duba fa, ba lantarki ba kwamfuta.

Duniya da wata

Nan ne ziro ke yawa amma hanyar ba ta canza ba. Muna da 3.984 × 10^14 ɗinmu a ajiye. Sau mas ɗin wata: 3.984 sau 7.35 ya ba da 29.28, fawa 14 da 22 ya zama 36, wato 2.928 × 10^37. r shi ne 3.844 × 10^8 a mita, 3.844 sau kansa 14.78, fawa 16, wato 1.478 × 10^17. Rabawa: 2.928 a raba da 1.478 ya ba da 1.98, fawa 37 a debe 17 saura 20.

F = 1.98 × 10^20 N, wato kusan 2 da ziro ashirin a bayansa.

Yanzu ga yadda za ka gwada ko amsar nan gaskiya ce, kuma irin gwajin da Newton ya yi kenan. Nisan wata kusan ninki 60 ne na nisanmu da tsakiyar duniya, raba 384,400 da 6,371 ka gani. Tunda r² ne a ƙasa, jan ya kamata ya ragu sau 60 × 60 wato 3,600. 9.8 a raba da 3,600 ya ba da 0.0027. To raba amsarmu 1.98 × 10^20 da mas ɗin wata 7.35 × 10^22, me ya fito? 0.0027. Sun haɗu. Kenan abin da ke sa mangwaro faɗowa daga bishiya shi ne dai ke riƙe da watan da muke fita dubawa daren azumi da daren sallah, faɗowa yake yi shi ma, sai dai gudun da yake yi a gefe, kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, ya sa kullum yana kewaya mu maimakon ya iso.

Wannan dabarar ninki ka riƙe ta don JAMB inda ba lokaci: nisa ya ninka biyu ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka uku ya koma ɗaya cikin tara, ya ragu rabi ja ya ninka huɗu. Ba sai ka taɓa G ba ma.

In kuma ka kai buhunmu kan wata, G sau mas ɗin wata ya ba da 4.905 × 10^12, r² kuma 1.737 × 10^6 sau kansa wato 3.017 × 10^12, raba su ka samu 1.63, sau 50 ya zama 81 N. Kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a nan, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi, amma shinkafar ba ta ragu ko ƙwaya ba.

Rana

G sau mas ɗin rana ya ba da 1.327 × 10^20, nisa 1.496 × 10^11 a mita, sau kansa 2.238 × 10^22. Saka mas ɗin duniya ka samu 3.54 × 10^22 N. Saka mas ɗin wata da wannan nisan dai, tunda a ma'aunin rana wata maƙwabcinmu ne na jikin katanga, ka samu 4.36 × 10^20 N.

Tsaya ka kwatanta da na ɗazu. Rana tana jan wata da ƙarfin da ya ninka na duniya fiye da sau biyu, kuma duk ajin da na kawo wannan sai wani ya ce to me ya hana rana ƙwace mana wata? Amsar tana cikin lissafin. Raba 3.54 × 10^22 da mas ɗin duniya, 0.0059. Raba 4.36 × 10^20 da mas ɗin wata, 0.0059. Rana tana jan su biyun kusan bai ɗaya, tare suke tafiya suna kewaya ta, saboda haka ba ta raba su, jan duniya ne ke tsara zaman da ke tsakaninsu.

Inda r ke kayar da mutane

Akwai wata ɗaliba da ta kawo min amsar tambayar tashar sararin samaniya ta ISS, wadda ke kamar kilomita 400 sama da ƙasa, ta saka r a 400,000 sai ta samu jan da ya ninka na ƙasa fiye da sau 250. Lissafinta ba kuskure ko ɗaya, r ɗin ne kawai. Daidai shi ne 6,771 km, wato 6.771 × 10^6, sau kansa 4.585 × 10^13, raba 3.984 × 10^14 da shi ka samu 8.7. Buhunmu a can 434 N ne, kusan kashi 89 cikin ɗari na nauyinsa a ƙasa. Kenan zancen da ake yi wai babu girabiti a can ba haka ba ne, 'yan sama jannatin suna shawagi ne saboda su da tashar duk faɗowa suke tare suna kewaya duniya, kamar dai wata. Taurarin ɗan'adam da dish ɗin gidajenmu ke fuskanta, irin su NigComSat-1R da aka harba daga China a 2011, su suna can kilomita 35,786 sama, r ya zama kusan 42,160 km, g a wajen 0.22 kacal, buhun ya koma 11 N.

Maganar kalkuleta kuma, in Casio ce akwai maɓallin EXP ko ×10^x. Ka danna 5.97 sai maɓallin sai 24, kar ka sake danna sau 10 da hannu kafin EXP, in ka yi amsarka za ta ninka goma. Alamar debewa ta -11 ka yi amfani da ɗan maɓallin (-) ɗin. Kuma duk abin da ke ƙasan fomula ka rufe shi a baka kafin ka raba. In waya ce a hannunka, yawancinsu in ka kwantar da ita a gefe kalkuletar kimiyya take buɗewa.

Ga aikin gida. Duniyar Mars mas ɗinta 6.42 × 10^23 kg, daga tsakiya zuwa fatarta kilomita 3,390. Nawa ne nauyin buhunmu a can? Yi da kanka kafin ka karanta gaba. Ya kamata ka samu kusan 186 N, wato g wajen 3.7. In ka samu 186 da ziro shida a bayansa to kilomita ka bari ba ka mayar mita ba, in kuma ka samu wani abu kamar 6.3 × 10^8 to r ɗin ne ba ka yi sau kansa ba, koma mataki na biyu ko na huɗu ka sake.